Mutumin da Mama ta Zana a Hayin Kogi

Coyhaique, 2 ga Afrilu, 1997

Yaya Baldo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, kai da matarka Yaya Herminda da yara. A gaida tumaki kuma, tunda na san in ba a ambace su ba kai ba a gaishe ka ba ke nan.

Bayan haka, magana ce ta taso a kan zanen Mama, wanda ka naɗo mini cikin tsohon bargo bayan jana'izarta ka ce kai ba ka da bangon rataye shi. Wata yarinya Maritza, ma'aikaciyar wani ɗan gidan tarihi a nan garin, tana bin gida-gida tana tara kayan mutanen farko da suka sari daji suka zauna a kudu, za su baje su a watan Mayu. Tsohon sirdi take nema da tukwanen ƙarfe. Tana shigowa falona ta yi arba da zanen, sai ta tsaya ƙiƙam da jaka a hannu, har sai da na tambaye ta ko lafiya.

Ta ce, "Malama Eduvina, ai wannan tarihinmu ne gaba ɗaya a kan katako guda. Ga bukka ƙanƙara ta binne ta har taga, ga tumaki a mace, ga kogi baƙi ƙirin, ga kuma maƙwabci a hayi da kwalekwalensa zai kai ɗauki. Za mu rubuta a ƙarƙashinsa, Zumuncin Mutanen Farko."

Yaya, saura kaɗan shayin mate ya sarƙe ni. Na ce, "'Yar nan, a ina aka yanke miki cibiya?" Ta ce Santiago, babban birni. Na ce to ba laifinki ba ne, zauna.

Na nuna mata ɗigon ja guda biyu da Mama ta yi a gindin dutse, ƙasa da bukkarmu. Na ce wuta ce. A bakin kogin Baker, lokacin da babu rediyo babu gada, hayaƙi ne wasiƙarmu. Ɗaya, akwai mai son a haye da shi, ka zo in ka sami sarari. Biyu, ciwo ne, ko cokali ne a hannunka ka ajiye ka taho. Uku kuwa an riga an yi rashi. Na ce ƙirga mini. Ta ce biyu. Na ce to dubi maƙwabcin naki mai zumunci, kwalekwalensa a ɗaure yake, hannuwansa duka biyu suna cikin poncho, bargon da ya yafa. Wannan ba shi da niyyar hayewa, kallo ya fito. Sunansa Nicanor Oyarzo, kuma a cikin bukkar nan ƙanenmu Moncho ne yake kakarin mutuwa yana ɗan shekara biyu.

 Daga baya yarinyar ta ce tunda haka ne ni zan rubuta bayanin da za a liƙa a gefen zanen, layi biyar, in kai mata kafin goma ga Mayu. Na ce ko layi ɗaya ya ishe ni.

Sunansa zan sa, Yaya, ɓaro-ɓaro, duk wanda ya shigo ya karanta. Baba ya mutu da abin nan a maƙogwaro. Mama ta yi shiru sama da shekara arba'in, ashe ajiye maganar ta yi sai da ta koyi fenti a wurin matan coci da tsufanta. Ina so a ga sunanmu mu biyu a ƙasan bayanin, 'ya'yan mai zanen. Ka aiko mini da amincewarka a motar Laraba. Kada ka ce Herminda ta ɓatar da biro.

Ƙanwarka,
Eduvina

Bakin Baker, 11 ga Afrilu

Malama Vina,

Na sami takardarki, na gode da gaisuwa. Tumaki suna amsawa. Mun sauko da su daga kan dutse ranar Asabar, ƙanƙara ta fara zama a kan tsaunuka, bana da wuri za ta zo. Uku sun ɓace, ɗaya puma, damisar dutsen nan, ta ci ta bar mini fata don kar in ce ba ta da kunya. Herminda tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi. Biro yana nan, ba ta ɓatar ba.

Maganar zane. Ni ban san kan fenti ba, sai wanda ake shafa wa tunkiya a gadon baya. Amma na san Mama ta yi wata bakwai a kan katakon nan, kullum na shigo in same ta ta sa shi a gaba kamar mai tsintar tsakuwa a wake, kuma da ta gama ba ta rubuta sunan kowa ba, ko nata. Mace ce da ta iya rubutu. Da ta so sa suna da ta sa.

Kawu Nicanor yana Cochrane yanzu wurin 'yarsa Clorinda. Idon dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Yini yake a gindin murhu yana gardama da rediyo. Jikokinsa biyu suna makaranta a Coyhaique ɗinku, kuma 'yan makaranta ne za a fara kwashewa a kai kallon kayan nan, ke kin fi ni sani, shekara talatin kina jan layin yara. Ki tuna ya zo jana'izar Mama, ya tsaya a bayan coci da hula a hannu. Ke ce kika wuce shi kamar kin wuce sandar shinge.

Ki bar yarinyar Santiago ta rubuta zumuncinta, ba za ta kashe kowa da shi ba. Ni ba zan sa hannu ba, ƙanwata, ki yi haƙuri. Ga cuku nan da busasshen nama na ba direba, in ya taɓa ki gaya mini.

Yayanki,
Baldomero

Coyhaique, 17 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Cuku ya iso, direba ya taɓa, na gode.

Kawu? Tun yaushe ya zama kawunka? Na karanta kalmar nan, na ajiye takardar, na share gidan da na riga na share, na dawo na same ta tana nan inda ka sa ta. Da Baba yana raye da ba ka isa ka furta ta ba.

Kai ba ka nan ranar, bari in tuna maka. Baba ya haye Ajantina sayo gari da ganyen mate, ƙanƙara ta rufe hanya a bayansa. Kai tun asuba kana kan tudu da shebur kana tono tumaki. Moncho ya kwana biyu yana tari irin na haushin kare, da hantsi kuma numfashinsa ya fara fito. Mama ba ta da halin ajiye shi. Ta zuba mini garwashi a gwangwanin kitse ta ce, "Vina, hayaƙi biyu. Biyu, kin ji? Uwar Nicanor ta san maganin wannan." Shekarata tara. Ƙanƙara har ƙuguna, in na ciro ƙafa ɗaya sai ɗayar ta nutse. Na jawo busasshen itace a buhu, na share wuri a gindin dutse da hannuna, na hura ta farko, na hura ta biyu, na lafta musu ɗanyen ganye. Har yau yatsuna biyu na hagu ko allura ta soke su ba na ji.

Na ga mutumin nan da idona ya fito daga gidansa, ɗan baƙin ɗigo can hayi, ya zo bakin ruwa. Na yi ihu har muryata ta dushe, ƙugin kogi yana haɗiyewa. Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya juya ya koma.

Washegari da la'asar Moncho ya cika. Kai ka sauka ka kunna uku, kafin rana ta faɗi ga Nicanor a ƙofarmu da shebur a kafaɗa. Kogin da ya hana shi zuwa ceto bai hana shi zuwa haƙa kabari ba. Ka amsa mini wannan, tunda ka zama lauyansa.

Kana ce mini jikokinsa. Moncho fa, ina nasa jikokin?

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko marigayi mijina. Da ƙanƙara ta narke Mama ta tura ni makarantar kwana ta sistocin coci, ban san kowa ba, kullum ina kuka a ɓoye. Abu ɗaya ne ya riƙe ni a can, shi ne kuma yake riƙe da ni har yau: ni dai na yi nawa. An ce biyu, na kunna biyu. Babba ne ya gaza, ba ni ba. Saboda haka kada ka ce in bar wata 'yar birni ta rubuta zumunci a kan ranar da yatsuna suka mutu. Ina jin haushinka ƙwarai, kuma ina kewarka, duka biyun.

A gaida Herminda, ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Eduvina

Bakin Baker, 24 ga Afrilu

Vina,

Gaisuwa. Kwana uku ana ruwa, jiya ya juye ƙanƙara. Na yanka raguna biyu na rataye, itace ya kai rufin rumfa, ko hunturun ya kai Satumba ba ma roƙon kowa.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin shinge, na kasa shiga gida da ita. Duk abin da kika faɗa haka aka yi. Ban manta yatsunki ba, ni na riƙa murza su da kitse.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Ke malama ce, kin fi ni iya duba takarda. Ki sauke zanen daga bango ki kai shi bakin taga da rana. Ki bar ƙirga ɗigon ja. Ki tambayi kanki, mai zanen nan a ina take tsaye? Mu a hunturun nan daga ƙofar bukka muka ga komai. Sannan ki bi abin da ya tashi daga wutar da ido har sama.

Iyakar abin da zan iya ke nan. Akwai alkawari a wuyana, kada ki matsa mini. Ki ce wa yarinyar nan kin fasa, zane ya zauna a falonki, kowa ya huta.

Yayanki,
Baldo

Coyhaique, 29 ga Afrilu

Yaya Baldo,

Ina fata kuna lafiya. Ni ba na jin daɗi, kuma kai ne sanadi.

Tun da takardarka ta zo ban zauna wuri ɗaya ba. Na sauke zanen na kai taga, na mayar, na sake saukewa. Na ƙona miya sau biyu. Maƙwabciyata ta shigo ta same ni durƙushe a ƙasa da gilashin karatu biyu a kan hanci, ta tambaye ni ko ɗan kunne na yar.

Na gani. Mama a bayansa take tsaye, a hayinsu, bukkarmu ce can nesa ƙarama kamar kwalin ashana. To sai me? Ta tsaya nan ne don kowa ya ga abin da ya gani, ya kuma ga bai motsa ba.

Hayaƙin ma na bi shi. Daga ƙasa biyu ne, kafin su kai tsayin bishiya sun haɗe sun zama ɗaya. Yaya, tsohuwa ce 'yar shekara saba'in da takwas, hannunta yana rawa, farin fenti kuma wahalar samu yake yi a Cochrane. Mutumin ma ai ta yi masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kuskuren hannu ne. Ko ba haka ba?

Ka ce alkawari. Alkawarin wa? Tun muna yara haka kake, a tambaye ka hanya ka ɗauko labarin doki. Na gaji da hannunka mai sanda. In akwai magana ka fito da ita, ni ba yarinya ba ce, shekarata hamsin da biyar.

Ga abin da na rubuta:

"Babban hunturu a bakin Baker, zanen Orfelina Mansilla. An tada hayaƙi biyu na neman ceto saboda yaro marar lafiya. Maƙwabci, Nicanor Oyarzo, ya gani bai haye ba. Yaron, Ramón Cárcamo, wanda ake kira Moncho, ya rasu washegari."

Ranar Juma'a tara ga Mayu zan kai wa Maritza, da sunanka ko babu. 

Ƙanwarka,
Eduvina

Bakin Baker, 4 ga Mayu

Ƙanwata,

Gaisuwa, da neman gafara tun kafin ki karanta. Wannan takarda ta uku ce, biyu suna cikin murhu. Na ba direba hannu da hannu, na ce in bai same ki ba ya jira a ƙofa.

Ba kuskuren hannu ba ne. Mama ta goge wurin nan sau huɗu a kan idona, sai da ya fita yadda take so.

Hayaƙi biyu ba wuta biyu ba ne kawai, Vina. Sai an raba su taku hamsin ko fiye, kuma a gicciye da iska, in ba haka ba kafin su tashi sama iska ta tufke su, na hayi ɗaya zai gani. Duk ɗan bakin kogi yana koyon wannan ranar da aka fara aikensa, uba ne yake kai shi ya auna masa da ƙafa. Ke ba a taɓa aikenki ba, aikina ne. Mama ta ce miki biyu hankalinta yana kan maƙogwaron Moncho, ba ta ce miki taku nawa ba.

Ranar da na sauka zan kunna uku na ga tokarki a gindin dutse. Wuri biyu, tsakaninsu bai fi tsawon shebur ba. Nan ne kaɗai iska ba ta tara ƙanƙara da yawa ba, ko ni ne ɗan shekara tara nan zan kunna. 

Kawu Nicanor ma ya gani da ya hayo, don ta nan hanya ta bi. Ya sa takalmi ya baje tokar, ya tura ƙanƙara a kai. Da muka gama rufe Moncho, ke gajiya ta kwantar da ke da hannu naɗe a tsumma, Mama ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Nicanor, me ya hana ka?" Ya ce, "Ɗaya na gani, Orfelina." Ta ce ƙarya yake yi. Ni ne na buɗe baki na faɗi abin da na gani, don na kasa jure jin ana ce masa maƙaryaci. Mama ta zauna a kan kututture ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago ta ce duk wanda ya gaya wa Vina ba ita ta haife shi ba. Kawu ya ce, "Ubansu fa? Ai zai tambaya." Kin san Baba da bulalar doki in ransa ya ɓaci, kin kuma san yadda yake ji da Moncho. Kawu ya sa hularsa ya ce, "Ku ce na gani ban zo ba. Ni ƙato ne, kuma akwai kogi tsakanina da shi."

Haka aka yi. Baba ya zage shi a gaban mutane wurin askin tumaki, ya tofa masa yawu a takalmi, shekara ashirin da biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Wasu maƙwabta suka daina kiransa taron yi wa 'yan tumaki shaida. Bai taɓa tankawa ba. Makarantar sistoci ma ba don kin fi ni ƙwaƙwalwa ba ne kaɗai, ko da yake kin fi ni. Mama ta so ki bar bakin kogi kafin wani ya auna miki taku hamsin ki gane da kanki.

Bayan rasuwar Baba, Mama takan sa in haye da ita ta sha mate da su, sannan ta fita ita kaɗai ta zauna a bakin ruwa tana kallon gidanmu. Zancen ba ni da bangon rataye zane kuma ƙarya na yi miki, huɗu gare ni kamar kowa. Ita ce ta ce, saura kwana biyar ta rasu, "Katakon nan na Vina ne." Na ce, "In gaya mata?" Ta ce, "Ni dai na hana ka." Ta ja bargo ta rufe ido. Har yau ban sani ba ko so take ki gani, ko kuwa nauyin ne ya ishe ta ta sauke a kan katako.

Na karya alkawarin uwata, ni zan amsa wannan a gaban Allah. Amma ba zan iya zuba ido a liƙa sunan tsohon nan a bango jikokinsa su karanta ba. Ba ke kika kashe Moncho ba, kina ji na? Hunturu ne, da aiken da aka yi wa yarinya babu bayani, da ni da na tafi bin tumaki. In kina so ki daina yi mini magana ki daina, amma ki aiko ko layi ɗaya ta saƙon rediyo in san kina tsaye da ƙafafunki.

Yayanki mai ƙaunarki,
Baldomero

Cochrane, 13 ga Mayu

'Yata Eduvina,

Ni ne Nicanor Oyarzo. Clorinda ce take rubutawa ni ina faɗa, in kin ga kalma mai kyau tata ce. Ina gaishe ki, ina kuma yi miki gaisuwar mahaifiyarki, wadda ban samu na yi miki a coci ba.

Baldomero ya zo jiya a kan doki cikin wannan sanyi, ya zauna ya ƙi karɓar mate, ya gaya mini abin da ya yi. Ya ce ba ki ce masa uffan ba, ya sa an kira sunanki a rediyo har sau biyu. Na yi masa faɗa. Amma tunda ya buɗe tukunya, bari a kwashe har ƙanzo.

Ya mai da ni waliyyi, ni kuwa ban kai ba. Hayaƙi ɗaya na gani, wannan gaskiya ne. Sai dai ya yi kauri, ya fi ƙarfin wuta ɗaya. Na san ubanku ba ya nan, na kuma san babu mai fita ziyara a irin wannan rana. Zuciyata ta ce, Nicanor, haye ka duba. Na kalli kogin yana tafe da guntayen ƙanƙara manya kamar ƙyauren ƙofa, ga matata da cikin wannan Clorindar wata takwas. Sai na ce wa kaina, ai ɗaya ne, ɗaya yana iya jira. Na koma na zauna a gindin murhu. Tsoro ne, 'yata, ba shi da wani suna. Da na ga uku kogin bai canja ba, kunya ce ta tura ni.

Shi ya sa da ubanki ya tofa mini yawu ban ji an zalunce ni ƙwarai ba. Na ɗauki naki ne don dama ina da nawa, kaya kuwa in biyu ne sun fi zama daidai a bayan doki.

In kina son sa sunana a bangon nan ki sa. Clorinda tana hararata, amma ni na yarda. Sai dai ki rubuta daidai: ya yi shakka, bai haye ba. Ke kuwa babu abin da za a rubuta a kanki. A hunturun nan na ga ƙarti sun kasa hura wuta ɗaya a waje.

Allah ya ba ki haƙuri. Ki amsa wa yayanki, ya rame.

Nicanor Oyarzo

Coyhaique, 19 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina nan da raina.

Ban kai wa Maritza komai ba. An rataye zanen ranar Asabar da sunan Mama kaɗai a ƙarƙashinsa, ban je ba. Ban yafe maka ba tukuna, ita ma ban yafe mata ba, kaina kuma ban san yadda zan yi da shi ba.

Zan shigo motar Laraba. Ka ɗauko tsohon daga Cochrane in Clorinda ta yarda, ka haye da mu hayinsu ni da shi, sannan ka koma. Ka tanadi busasshen itace da ɗanyen ganye. Ina so in tsaya inda ya tsaya. Shi ido ya tafi, ni zan gaya masa nawa na gani.

Ka kunna wuta biyun a gindin dutse, daidai inda na kunna. Kada ka ƙara ko taku ɗaya don tausayina.

Ƙanwarka,
Vina